Ƙunshin Iya a Cikin Bango

Ranar wata Asabar ce cikin watan Muharram, a shekarar 1965. Alhazai sun watse, Makka ta koma hannun masu ita da irinmu da suka zo suka maƙale. Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Jarwal da ƙafa, Baba a gaba da guduma da igiya a kafaɗa, Umma da garwar ruwa a ka, ni kuma ina riƙe da hannun Iya, kakata ta wajen uba. Shekarata tara a lokacin. Kafin mu kai gindin dutsen Nakkasa rana ta ɗaga, kafin mu kai tsakiyarsa gumi ya manne mini riga a baya. Hanyar sawun mutane da na awaki ce kawai da ya goge duwatsu har suka yi santsi. Sau huɗu Iya tana zama ta huta. A zama na huɗu Baba ya nuna da bakin guduma ya ce ga shi can. Na duba ban ga gida ba. Abin da na gani bango uku ne da rabi na baƙin dutse, ba rufi ba ƙyaure, da wata jar akuya tsaye a kan rabin bangon tana taunar kwali tana kallonmu.

Iya ta daɗe tana duban wurin, tana mai da numfashi. Can ta ce, "To, na gani. Allah Ya sanya albarka. Amma ni kada ka yi ɗaki da ni."

Baba ya jingine guduma. Ya ajiye igiya ya shiga kwashe duwatsun da suka zube.

Iya da mijinta sun baro Rano ne tun Baba yana saurayi ɗan shekara goma sha biyar. Shekara bakwai suka yi a hanya, su yi tafiya su tsaya su yi ƙodago, su ɗebi auduga a gonakin Sudan, su ƙara gaba. Kakana bai ga teku ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi a wani ƙauye, a can aka binne shi. Iya da ɗanta suka ƙetaro su biyu, suka sauke farali, suka ce bari su huta shekara guda su juya. A cikin hutun nan Baba ya auri Umma, aka haife ni, aka sa mini sunan Iya, Ramatu. Shi ya sa Baba ba ya kiran sunana, Ummi yake ce mini, ita kuwa Iya ta ce Takwara. Ɗaki ɗaya muke haya a Jarwal, kuma kowace shekara in alhazai suka fara shigowa sai mai gidan ya ce mu kwashe komatsanmu mu koma saman soro, ya zuba baƙi a ɗakin. Wata biyu muke yi a sama, mu da tantabaru. A wannan shekarar Umma tana da ciki, Baba ya dawo daga dako ya tarar da ita a kan matakala da tukunya a ka tana haki, ta kasa hawa ta kasa sauka. A ranar ya ce ya gama da gidan haya.

Kangon na wani dattijo ne Basakkwace, Baba Sale. Ya zauna a ciki shekaru har wani ruwan sama mai ƙarfi ya tafi da rufin, ya koma raɓe a gidan wani. Tsufa ya zo masa, ya shiga cikin wani ayari da ke shirin komawa gida in zafi ya sassauta. Da ya zo ɗakinmu suka daidaita da Baba a kan kangon, Iya tana gefe tana tankaɗe. Ta ji zancen ayarin, ta ajiye rariya, ta tambaye shi ko akwai mata a tafiyar. Ya ce akwai uku. Ta ce to sun zama huɗu. Baba ya yi magiya, ya kawo zancen nisa da tsufa da ciwon gwiwarta, ta saurare shi har ya gama, ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe.

Mako biyu bayan waccan Asabar muka tare a dutsen. Baba ya kafa rumfa da tsofaffin katakai da buhuna a jikin bangon yamma, a nan muke kwana, a nan muke yini. Wanda bai yi bazarar Makka a kan dutse ba ba zai gane ba. Da hantsi dutse ya fara ƙuna, da azahar ko akuya ba ta taka shi sai ta riƙa ɗaga ƙafa. Iska in ta taso ba ta kawo sauƙi, kamar an buɗe bakin tanda take. Saboda haka aiki kashi biyu ne, daga asuba zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa magariba. Baba ya san gini, don in ba lokacin alhazai ba leburanci yake yi wa magina. Shi ke fasa dutse, shi ke ɗorawa. Ruwa kuwa sai an sauka gindin dutse inda ake layi da garewani, Umma da cikinta ba ta iya fiye da sawu ɗaya, sauran Baba ne ke haurowa da su, garwa biyu a jikin sanda. Ko ɗigo ba ya tafiya a banza. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi a wanke kwanuka, na kwanuka a kwaɓa ƙasa. Ni aikina cusa tsakuwa. Baba in ya jera manyan duwatsu sai ramuka su rage a tsakaninsu, hannunsa ba ya shiga, nawa yana shiga har gwiwar hannu. Ina son aikin nan ƙwarai, don a tsaye ake yinsa, kuma ni yarinya ce da ba ta iya zama wuri ɗaya. In na gaji in gangara wajen yaran maƙwabta mu yi 'yar carafke da tsakuwar da na zaɓo, ko mu bi ƙadangaru, har sai Umma ta ƙwala mini kira.

Maƙwabciyarmu ta kusa Goggo Dela ce, mutuniyar Damagaram, mai sayar da gyaɗa da hatsin tantabaru. Jar akuyar nan tata ce. Ba don Goggo Dela ba da ban san yadda za mu yi da watan farko ba. A murhunta Umma ke girki, a ɗakinta Baba ke ajiye kayan aiki, kuma randarta ta fi tamu sanyi, kullum da rana sai ta aiko wa Iya da moɗa guda.

Iya kuwa tun ranar da muka tare ta shimfiɗa tabarmarta a ƙuryar rumfa ta fara ɗinkin bargon tafiya. Wani tela abokin Baba a Jarwal ya tara mata ƙyallaye buhu guda, ragowar ɗinkin da ya yi wa alhazai. Ban taɓa ganin launuka a wuri ɗaya kamar ranar da ta zazzage buhun nan ba. Ga zanen Jawawa, mutanen Indonesiya, mai zanen ganye, ga yadin Indiya mai santsi da ke zamewa daga hannu, ga farin yadin jallabiya, ga baƙin abaya, ga wani kore mai kauri da ta ce na mutanen Turkiyya ne. Ta wanke su da ragowar ruwa, ta shanya a kan dutse, kafin ta juya sun bushe. Ta yanka su gida-gida, kowane kamar tafin hannu. Shafin ciki kuwa tsofaffin harami biyu ne da wani alhaji ya bar wa Baba, ta tsefe audugar wani tsohon matashin kai za ta shimfiɗa a tsakani. Falle huɗu ta ce za ta ɗinka daban-daban, in sun cika ta haɗe su, a tsakiyarsu kuma akwai abin da za ta sa. Abin yana cikin wani ɗan ƙunshi ɗaure da baƙin zare a ƙasan jakarta. Ban taɓa ganin ta kwance shi ba.

Idonta ya yi rauni, don haka ni ce mai zura mata zare a allura. Da zarar rana ta kori kowa zuwa inuwa sai ta kira ni in zauna kusa da ita. Na tambaye ta me za ta yi da bargo ana wannan wuta. Ta yi dariya ta ce, "Ba ki san sanyi ba, Takwara. Sai kin kwana a saman mota tsakanin Sudan da Chadi." Na tambaye ta yaushe za ta tafi. Ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Ranar da bargon nan ya kammala, sai hanya."

Wannan magana ita ta hana ni sakat. Tun da aka yaye ni tabarma ɗaya muke kwana da Iya. Ita ke yi mini kitso, ita ke ɓoye mini ƙanzo, ita ke shiga tsakani in Umma ta ɗauko mafici za ta make ni. Na shiga lura da fallayen. Na ɗaya ya cika, na biyu ya cika. Kowane layin ƙyallaye da ta ƙara sai in ga ranar tafiyarta ta ƙara matsowa. Na daina jin daɗin wasa, in na gangara wajen yara ba na daɗewa sai in hauro in leƙa in ga inda ta kai. Na fara 'yan dabaru. In ta miƙo allura sai in yi ta laƙai-laƙai, in ce zaren ya ƙi shiga. Sau biyu ina yar da allurar cikin tsakuwa, sau biyu tana zaro wata daga gefen ɗankwalinta. Ta san abin da nake yi, ta bar ni da dabarata.

Da falle na huɗu ya kusa cika, Baba ya gama ɗaga bangon gabas, ya ce da la'asar zai yaɓe shi daga ciki. Ya samo farar ƙasa irin wadda maginan Makka ke kira nura, jaki ya kawo ta gindin dutse, shi kuma ya hauro da ita buhu-buhu a bayansa. Ranar da azahar kowa ya miƙe a rumfa. Baba ya rufe fuska da hula, Umma tana gyangyaɗi da mafici a hannu, Iya ta jingina da bango bakinta a buɗe. Na jawo jakarta a hankali, na zaro ƙunshin. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na shiga kangon, dutse yana ƙona mini tafin ƙafa, na sami wani rami mai zurfi da ban cike ba tukuna, na tura ƙunshin har iyakar hannuna, na toshe bakin da tsakuwa. Lissafina mai sauƙi ne, in babu na tsakiya bargo ba zai kammala ba, in bai kammala ba Iya tana nan. Da la'asar ni da kaina na riƙa miƙa wa Baba kwaɓin, ina kallo ya shafe wurin sumul.

Sai bayan kwana biyu ta nemi ƙunshin. Ta zazzage jakar, ta zazzage buhun ƙyallaye, ta ɗaga tabarmi, ta sa aka jawo akwatin Umma. Na zaci za ta yi faɗa ta gaji ta haƙura, kamar yadda take yi in zobenta ya ɓata. Ba ta yi faɗa ba. Sai dai ta riƙa maimaita zazzage jakar da ta riga ta zazzage. Umma ta ce ai jiya ta kori akuyar Goggo Dela daga rumfa da ƙyalle a baki, kuma kowa ya san awakin Makka ba abin da ba sa ci. Iya, wadda ban taɓa jin muryarta ta wuce rumfa ba, ta miƙe ta nufi ƙofar Goggo Dela. Ina tsaye ina jin su. Iya ta faɗi maganganu masu zafi a kan mutumin da ke sakin dabba tana ɓarna a gidan mutane. Goggo Dela ta ce tsumma ne fa, tsumma, kuma in a kan tsumma za a manta da murhu da ruwan sanyi, to ta ji. Ta ce in an ga dama ta kira mahauci a farke cikin akuyar a duba. Ranar Umma a kan duwatsu uku ta yi girki a rana, kayan aikin Baba kuma aka turo su waje.

Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. In shiga kangon in dubi bangon, in fito, in sake shiga. Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa, sai in tuna buhunan nura a bayan Baba, in tuna fuskar Umma, in haɗiye. Na riƙa gaya wa kaina gobe za ta manta.

Ba ta manta ba. Ta ce wataƙila akuyar ta ja shi ne ta yar a wani wuri. Ta ɗauki sanda ta shiga bin dutsen, tana tona juji, tana leƙa ƙarƙashin duwatsu. Baba ya hana ta, ta bari ya sauka ɗiban ruwa ta fice. A rana ta uku har aka kira azahar ba ta dawo ba. Baba ya ajiye garewani ya bazama, ni ma na bi bayansa ba takalmi. A bayan dutsen muka same ta, wajen da ba gidaje, zaune a gindin wani falalen dutse da ba shi da inuwar kirki. Leɓenta ya tsage, jikinta zafi rau kuma babu gumi ko ɗigo. Ta dubi Baba ta kira shi da sunan mahaifinsa, ta ce masa ya tashi ayari zai wuce. Baba ya goya ta, yana sauri yana tuntuɓe, ni ina biye da sandarta ina kuka ba sauti.

A rumfa Umma ta tsoma haramin nan biyu na shafin bargo a cikin garwa ta lulluɓe ta da su, tana yi mata fifita. Ba wanda ya aika wa Goggo Dela, sai ga ta da randarta sukutum a ka da jiƙon tsamiya a kwano. Ba ta gai da kowa ba, ta durƙusa ta tallafi kan Iya tana ɗiga mata a baki. Da numfashin Iya ya daidaita, Goggo Dela ta tambayi Umma a hankali wai mene ne a cikin tsumman nan. Umma ta ce ita ma sai jiya Baba ya gaya mata. Gaban rigar kakana ne. Ranar da ya rasu a Sudan, kafin a ba da rigar sadaka, Iya ta yanke wajen aikin aljihu ta ajiye. Ta yi alkawari za ta kai wa ƙaninsa a Rano, don ya zama wani abu nasa ya koma gida. Shekara goma sha tara tana ɗauke da shi.

Baba yana bakin kangon yana wanke ƙafarsa da dutse ya yanka. Na je na tsaya a gabansa. Na ce, "Baba, ba akuya ba ce."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ina yake, Ummi?"

Na shiga ciki na ɗora tafin hannuna a kan bangon gabas.

Ya daɗe yana duban bangon. Shi ne bangon da ya fi kyau a gidan, fari tas, har ya ɗora masa katakan rufi biyu. Bai tambaye ni dalili ba. Ya ɗauko guduma ya ce in nuna daidai wurin. Yaɓen ya shafe komai, na kasa ganewa. Ya fasa inda na fara nunawa, babu. Ya fasa na biyu, babu. Kowane bugu sai farar ƙasa ta zubo masa a ƙafa, ni kuma in ji kamar a ƙirjina. A rami na uku na zura hannu na taɓo zaren. Umma ta shigo ta ga abin da ke hannuna, ta ga bangon, ta juya neman abin duka. Daga rumfa muka ji muryar Iya, siririya, tana cewa a ƙyale mata takwara.

Baba ya ce duka ba zai gyara komai ba, amma in je in gaya wa Goggo Dela da bakina. Da ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Ta riga ta koma gida, na same ta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na faɗa mata, kaina a ƙasa. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta har na zaci ba ta ji ba. Sannan ta ce, "Kin san na yi wa mahauci magana? Ga akuyar da ciki kuma." Ta nuna turke da haɓa ta ce ba ita zan ba haƙuri ba, in je in ba mai haƙƙi. Haka na je na durƙusa gaban jar akuya na ce ta yafe mini, tana taunar igiyarta. Da na juyo na ga kafaɗun Goggo Dela suna rawa don dariya, ta rufe baki da gefen mayafi. Ta cika mini hannu da gyaɗa ta ce in ce wa Umma murhu yana nan.

Kwana biyar Iya ta yi kafin ta iya zama. Ran na shida da hantsi ta kira ni, ta sa na kwance baƙin zaren da hannuna. Wani ɗan yanki ne na saƙi, shuɗi ya koɗe ya koma toka-toka, da aikin allura na farin zare da ya yi ja don tsufa. Bai fi tafin hannu biyu ba.

Ta ce, "Me ya sa, Takwara?"

Na ce, "Ke kika ce sai ya kammala za ki tafi."

Ta ce, "Ko da tsumma ɗaya a kafaɗa zan tafi. Ai da kin tambaye ni."

Na ce mata ga gida Baba yana ginawa, ga Harami kusa, mutane daga ko'ina suna kuka su zo nan, ita kuma tana kuka ta tafi. Ta ce duk gaskiya ne. Ta ce ni a nan aka binne cibiyata, gidan nan nawa ne, ita tata tana Rano a bayan ɗakin uwarta. Ta ce ta zo aikin Allah ta yi, ta zauna ta ga ɗanta ya yi iyali, yanzu ga shi yana kafa bango, ya zama ba ya bukatar a tsare shi. Ta ce akwai mutanen da suka raka su bakin gari shekara ashirin da wani abu da suka wuce, har yau ba wanda ya koma ya gaya musu yadda aka yi. Na tambaye ta me ya sa za ta ɗinke shi a bargo maimakon ta bar shi a ƙunshe. Ta ce ƙunshi yana ɓata a hanya, ta dube ni ta gefen ido, ta ce har a gida ma yana ɓata.

Ni ta sa na ɗinka shi. Ta haɗa fallayen huɗu, ta riƙe mini gefe, na bi shi da allura ina soke yatsa. Ɗinkin ya fito a karkace, wani taku dogo wani gajere, kusa da nata kamar sawun kaza kusa da layin rubutu. Na ce ta warware ta sake. Ta ce a'a, haka za a kai shi.

Sauran bazarar ta wuce da sauri fiye da yadda nake so. Baba ya toshe ramuka ukun da ragowar nura, ba ta isa ba ya cika da jar ƙasa, tabon ya zauna a bangon muddin zamanmu a gidan. Ya fasa garewanin kananzir ya miƙe su da guduma, ya jera a kan katakai, ya bi da ƙasa a sama, muka sami rufi. Ranar daɓen ƙasa matan dutsen suka taru, Goggo Dela ce a gaba, kuma Iya da ta ce kada a yi ɗaki da ita ta karɓi madaɓi ta durƙusa ta daɓe ƙuryar da Umma za ta sa gado. Ni kuma in na gama cusa tsakuwa sai in zo da kaina in zauna, muna bin bargon da dogon ɗinki daga gefe zuwa gefe don audugar ta zauna. Zaman bai daina damuna ba, ƙafata tana ta motsi a ƙarƙashin bargon, amma ban sake yar da allura ba. Umma ta haihu a sabon ɗaki, namiji, Iya ta yi masa wankan farko, aka sa masa sunan kakana. Kwana huɗu bayan suna Baba Sale ya aiko cewa takardun tafiya sun fito.

Da sassafe muka sauka. Ni na ɗauki bargon a ka, naɗe da igiya, ya fi ni faɗi. Motar Jidda tana tsaye a gindin dutse, an cika ta da tsofaffi da ƙullin kaya. Baba zai raka su har bakin jirgin ruwa. Iya ta karɓi bargon, ta kama kunnena ta murza a hankali kamar yadda take yi in na yi ɓarna, ta ce in riƙa taimakon uwata da ruwa, kuma in daina tafiya ba takalmi. Aka ɗaga ta aka sa a mota. Na tsaya har ƙurar ta kwanta, sannan na hau dutsen ni kaɗai.

Da alhazai suka dawo shekara mai zuwa, wani mutumin Rano ya yi ta cigiyar Baba a Jarwal har aka kawo shi Nakkasa. Ya kawo mana daddawa da kuka a ƙulle cikin ganye. Ya ce Iya ta isa lafiya bayan wata uku. Ta tarar da ƙanin mijinta da rai, amma ya makance. Da ta shimfiɗa masa bargon a cinya ta ɗora hannunsa a tsakiya, ya shafa, ya sake shafawa, ya ce wannan aikin hannunsa ne, shi ya yi wa yayansa aikin rigar da zai tafi. Mutumin ya ce tsohon ya tambaya wane ne ya yi wannan karkataccen ɗinki a gefe, Iya ta ce masa jikarsa ce ta Makka. Shekara biyar ta ƙara a Rano. Kowace shekara saƙonta yana zuwa, har shekarar da aka zo mana da ta'aziyya a maimakonsa.

Shekara talatin da ɗoriya muka yi a gidan nan, Baba ya ƙara ɗaki biyu, a ciki aka ɗaura mini aure. Yanzu gefen dutsen da muka zauna an share shi, in na wuce a mota ba na iya nuna ko inda hanyar take. Ina zaune a unguwar Kudai a hawa na biyar, ruwa yana zuwa har kicin, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki dare da rana, har jikokina kan ce sanyi ya yi yawa a tsakiyar bazara. Barguna kuwa a leda ake sayo su, duk iri ɗaya, in ɗaya ya yage a jefar. Yaran suna jin Hausa amma da Larabci suke ba ni amsa, kuma ba ɗayansu da ya taɓa ɗaukar garwa. Ba na yi musu fatan wahalar da muka sha. Sai dai in lokacin alhazai ya zo, motoci suka fara sauke mutanenmu a tashar da ke kusa da mu, nakan sa mayafi in sauka. In na ji wata tsohuwa tana yi wa 'yar rakiyarta faɗa da irin Hausar ƙauyukan Kano, sai in rage tafiya in bi bayansu har kwanar titi. Ba na tambayarsu komai. Muryar kawai nake bi.